Kwalejin Berea ta Amurka, inda ba a biyan kuɗin makaranta amma kowa sai ya yi aiki: tambayoyi da amsoshi

In ana maganar karatu a Amurka, sunayen da ke fara zuwa bakin mutane su ne Harvard da Yale da MIT. Amma akwai wani rukunin makarantu da ba a cika jin labarinsu a wajenmu ba, wato ƙananan kwalejoji masu zaman kansu waɗanda ɗalibansu ba su wuce dubu ɗaya zuwa uku ba. Berea tana cikinsu, sai dai ta fita daban ta wata fuska: tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu a hannun ɗalibi. Ga abubuwan da iyaye da ɗalibai suka fi tambaya a kanta.

Ina take, kuma wace irin makaranta ce?

Tana wani ƙaramin gari mai suna Berea a jihar Kentucky, kimanin kilomita 65 kudu da birnin Lexington, daidai inda filin ƙasa yake fara hawa duwatsun Appalachia. Mutanen garin ba su fi dubu 15 da ɗoriya ba. Makarantar ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wani attajiri ba. Kwamitin amintattu ne ke riƙe da ita. Ɗalibanta wajen 1,500 ne, maza da mata, kusan dukkansu a ɗakunan kwanan makaranta suke zaune. Tun 2023 Cheryl Nixon ke shugabantarta, kuma ita ce mace ta farko da ta hau kujerar.

Da aka ce kwaleji, kamar kwalejin ilimi ta wajenmu ke nan? Digiri take bayarwa?

Digiri take bayarwa, cikakken digirin farko na shekara huɗu, wanda mutum zai iya ɗauka ya tafi kowace jami'a ya yi digiri na biyu ko na uku. A Amurka makarantar da ta tsaya kan digirin farko kaɗai ita aka fi kira kwaleji, wannan kuwa ba ya rage mata daraja. Abin da ba ta da shi shi ne sashen digiri na biyu da na uku. Don haka wanda ya riga ya gama digiri yana neman na biyu, ba nan zai nufa ba.

Mene ne wannan tsari da Amurkawa ke kira liberal arts?

Tsari ne na faɗaɗa wa ɗalibi ilimi kafin a ƙunsa shi a fanni guda. Asalinsa tsohon manhajin Turai ne mai fannoni bakwai: nahawu, mantiƙi, balaga, lissafi, ilimin awon siffofi, kiɗa da ilimin taurari. Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ukun farko, ya kuma san dalilin da ya sa ake fara su kafin manyan littattafai. A yau fannonin sun canza, amma manufar tana nan.

Ga yadda abin yake a aikace. A Najeriya tun ranar da yaro ya cike fom ɗin JAMB ya riga ya zaɓi kwas, kuma in ya shiga ya ga bai dace da shi ba, sauyawa aiki ne ja. A Berea yana shiga ne a matsayin ɗalibin kwaleji kawai. Shekarar farko zai yi darussan rubutu da nazari, ya taɓa kimiyya, ya taɓa tarihi, ya taɓa wani harshe ko fasahar zane. Yawanci sai a shekara ta biyu yake bayyana fannin da zai ƙware a kai. Ko bayan nan ma, mai karanta kimiyyar kwamfuta zai ci gaba da ɗaukar darussan da ba na fanninsa ba.

Akwai fannoni sama da 30. Berea ta ɗan sha bamban da takwarorinta wajen haɗa fannonin da ke kai mutum kai tsaye ga sana'a, irin su aikin jinya, noma, harkar kasuwanci da koyarwa, domin ta san 'ya'yan wa take koyarwa.

Babbar ribar ƙanƙantar makaranta a aji take bayyana. Kusan malami ɗaya ne ga ɗalibai 10 ko 11. Babu zancen ɗakin lacca mai mutum 500 inda na baya ba ya jin na gaba. Malami ya san sunanka, in ka yi fashi zai lura, in ka zauna shiru zai jefo maka tambaya. Wanda ya saba kwafar abin da aka rubuta a allo ya haddace ya zuba ranar jarrabawa zai sha wuya a zangon farko, don a nan rubutu ake yi ba ƙaƙƙautawa, kuma ana son ɗalibi ya iya cewa bai yarda da malami ba, ya kawo hujja.

Da gaske ne ba a biyan kuɗin makaranta? To a ina take samun kuɗi?

Da gaske ne, amma a fahimci abin da ake nufi. Kuɗin karatu shi ne ba a biya, wanda a makarantu irinta yakan haura dala dubu 40 a shekara. Akwai sauran kuɗin ɗaki da abinci da littattafai, waɗanda ɗaliban Amurka ke biya gwargwadon ƙarfin iyayensu, wasu kaɗan, wasu ko sisi.

Asirin abin wakafi ne. Sama da shekara ɗari makarantar tana tara kyauta da wasiyyar mutane, ba ta cinye su, sai ta zuba a hannayen jari ta riƙa cin riba. Tun wajen 1920 amintattunta suka kafa ƙa'idar cewa duk dukiyar da mamaci ya bar wa makarantar ba tare da sharaɗi ba, asusun wakafi za ta shiga, ba za a taɓa ta don biyan albashi ko gyaran rufi ba. Yau asusun ya haura dala biliyan ɗaya, kuma ribarsa ce ke ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na hidimar shekara. Ragowar daga gudummawar jama'a da tallafin da gwamnati ke bai wa ɗalibai marasa ƙarfi take fitowa.

Wannan ƙa'ida ta 1920 ita ce a ganina ta fi komai muhimmanci a labarin Berea. Masu bayarwa suna da yawa a ko'ina. Samun waɗanda za su riƙe abin da aka bayar shekara ɗari ba su cinye ba, shi ne da wuya.

Wani abin dariya: a 2017 da majalisar Amurka ta sanya haraji kan makarantu masu wakafi mai kauri, saura ƙiris Berea ta faɗa cikin tarkon da aka ɗana wa su Harvard. Sai a 2018 aka gyara dokar ta yadda ɗalibai masu biyan kuɗi kaɗai ake ƙirgawa, Berea kuwa ba ta da ko ɗaya.

Wane irin aiki ɗalibai suke yi?

Kowane ɗalibi, ba a ɗauke wa kowa, yana yin aikin aƙalla awa 10 a mako. Ɗan shekarar farko ba ya zaɓa, ba shi ake yi: wanke kwanuka a kicin, shara da goge-goge a ɗakunan kwana, yankan ciyawa, kiwo a gonar makaranta. Daga shekara ta biyu sai ya nemi aikin da yake so kamar yadda ake neman aiki a waje, har da ganawa. A nan ne za ka ga ɗalibin kwamfuta yana gyara wa 'yan'uwansa kwamfutoci, mai karanta lissafin kuɗi yana ofishin kuɗi, wani yana taimaka wa malami duba aikin 'yan aji ɗaya, wani kuma ya zama shugaban waɗanda da yake shara tare da su.

Makarantar tana da gona mai shanu da aladu da lambu, tana da daji na kimanin hekta 3,600 da take kula da shi, tana kuma da otel mai suna Boone Tavern da aka gina a 1909 saboda baƙinta, inda ɗalibai ke cikin masu karɓar baƙi da kai abinci. Sai kuma sashen sana'ar hannu, wanda shi ne ya yi mata suna a wajen masu yawon buɗe ido: saƙa, sassaƙa, ginin tukwane da ɗaurin tsintsiya. Ɗakin tsintsiyar abin kallo ne. Ɗalibi zai zauna da damin karan wata dawa da ake nomawa musamman don tsintsiya, ya jiƙa shi ya yi laushi, ya jera a jikin mariƙin itace, ya ja igiya ya matse, sannan ya kitsa wuyan da launuka kala-kala. Wanda da safe yake ɗakin gwaje-gwaje na ilimin sinadarai, da yamma shi ne wannan mai kitson tsintsiya, kuma abin da ya yi sayarwa ake yi.

Ana biyansu ladan kowace awa. Ba shi da yawa, na sabulu da littafi ne da rage kuɗin ɗaki. Mai kula da aiki yana auna ɗalibi kamar yadda malami ke yi, kuma wanda ya riƙa fashi ana iya ja masa kunne har a dakatar da shi ko da makinsa na aji ya yi kyau. Ranar gamawa, ban da takardar sakamakon karatu, akwai ta aiki, mai nuna duk inda ya yi aiki cikin shekara huɗu.

Wa ya kafa ta?

Wani fasto mai suna John G. Fee, a 1855. Ɗan Kentucky ne, mahaifinsa yana da bayi, amma da ya je karatun addini a Cincinnati sai ya dawo da aƙidar cewa bauta zunubi ce, abin da ya raba shi da gidansu. Wani mai faɗa a ji da shi ma yake adawa da bauta, Cassius Clay, ya ba shi fili, ya kafa coci da makaranta mai ɗaki guda. Manufarsa baƙi da fari, mace da namiji, su zauna aji ɗaya, a jihar da a lokacin ake saye da sayar da mutane. Taken makarantar daga Littafin Ayyukan Manzanni aka ɗauko shi, ma'anarsa Allah ya yi dukkan al'ummomin duniya daga jini ɗaya.

Ba a bar shi ya sarara ba. A ƙarshen 1859, bayan harin da wani mai yaƙi da bauta, John Brown, ya kai ma'ajiyar makamai ta garin Harpers Ferry ya tsorata masu bayi, wasu mutane ɗauke da makamai suka kori malaman Berea da iyalansu daga yankin. Sai da Yaƙin Basasar Amurka ya ƙare aka dawo. A shekarar karatu ta 1866 ɗalibai 187 ne: baƙaƙe 96, farare 91. Cikin baƙaƙen har da tsofaffin sojojin da Fee ya koyar a sansanin Camp Nelson lokacin yaƙi. An yaye masu digiri na farko a 1873.

An ce akwai lokacin da ta daina ɗaukar baƙar fata. Me ya faru?

Haka ne, kuma shekara 46 aka yi a haka. A 1904 majalisar Kentucky ta yi dokar da ake kira da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, Carl Day, wadda ta haramta koyar da baƙi da fari a makaranta ɗaya. Berea aka nufa, don ita kaɗai ke yin haka a jihar. Ta kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, amma a 1908 ta sha kaye. Alƙali John Marshall Harlan, wanda shi ma ɗan Kentucky ne, ya rubuta ƙin amincewarsa da hukuncin. Makarantar ta ware kuɗi ta taimaka aka kafa Lincoln Institute kusa da Louisville don ɗalibai baƙaƙe, ita kuma ta zama ta farare zalla har 1950, da aka sassauta dokar ta sake buɗe ƙofa.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa doka laifin duka. Tun kafin 1904, a zamanin shugabanta William Goodell Frost wanda ya hau a 1892, hankalin makarantar ya riga ya karkata ga talakawan farare na duwatsun Appalachia, yawan baƙaƙe kuma ya fara raguwa. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara kan rawar da ya taka.

Su wa take ɗauka? Ɗan mai kuɗi zai iya shiga in ya yarda ya biya?

Ba zai iya ba. Wannan na cikin abubuwan da ke ba mutane mamaki: in kuɗin shigar iyayenka ya wuce wani mizani, ko makinka ya kai ina, ba za a ɗauke ka ba. Sharuɗɗa biyu ne a haɗe, ƙoƙari a karatu da rashin hali. Mafi yawan ɗalibanta daga Kentucky da yankin Appalachia suke, yankin haƙar kwal da ya daɗe cikin talauci, kuma da yawansu su ne na farko a gidansu da suka taɓa shiga babbar makaranta.

Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana fa?

Ƙofa a buɗe take, amma ƙarama ce ƙwarai. Akwai ɗalibai daga ƙasashe kusan 70, 'yan Afirka ba kaɗan ba a ciki, sai dai sababbin da ake ɗauka daga waje a shekara ba su fi 30 zuwa 40 ba, daga duk duniya, masu nema kuwa sun ninka haka sau da yawa. Tun da makarantar na son ƙasashe su yawaita, da wuya ƙasa ɗaya ta samu gurbi da yawa. Wanda zai nema ya nema, amma kada ya rataya duk burinsa a nan. Ya haɗa da wasu makarantun.

Wanda ya dace, shekarar farko makaranta ce ke ɗaukar karatu da ɗaki da abinci. Daga shekara ta biyu ana sa ran ya riƙa tara wani abu daga aikin dogon hutu yana ragewa. Abin da zai nemo da kansa tun farko shi ne kuɗin jirgi, kuɗin biza, da kuɗin ajiya da ake biya kafin zuwa, wanda ya haura dala dubu biyu. In aka juya shi zuwa naira ko sefa ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da aka ce ba shi da hali, don haka a fara shiri da wuri.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Sakamakon sakandare, irin su WAEC ga 'yan Najeriya da Ghana. Shaidar iya Ingilishi ko jarrabawar shiga, kamar TOEFL, IELTS, SAT ko ACT. Wasiƙun malaman da suka san ɗalibi. Bayanin halin kuɗin iyaye. Da rubutun da ɗalibi zai yi da kansa kan rayuwarsa da burinsa. Karatu a watan Agusta yake farawa, amma ana rufe karɓar takardun 'yan waje tun watanni da yawa kafin nan. Neman gurbi kyauta ne.

Rubutun nan kada a ba wani ya yi. Masu karantawa sun ga dubbai, sun san na haya. Yaron da ya bayyana yadda yake tallar kayan miya da safe kafin ya tafi makaranta, da kalmominsa, ya fi wanda ya cika takarda da manyan kalmomi kan ceto Afirka.

Makarantar Kirista ce. Musulmi zai iya zama a cikinta?

Tana kiran kanta makarantar Kirista, amma ba ta ƙarƙashin kowace ɗarika, ba ta tambayar addini kafin ta ɗauki mutum, ba ta kuma tilasta zuwa coci. Musulmi suna karatu a cikinta. Ta daɗe tana sanya darasin nazarin Kiristanci cikin darussan kowa da kowa, ta fuskar ilimi ba wa'azi ba, don haka ɗalibi ya san da wannan. Garin ƙarami ne, masallatan da ke da jama'a sosai a Lexington suke. Batun abincin halal da Juma'a da azumi, gara a rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje a tambaya tun kafin a tashi.

Yaya zaman wurin yake?

Shiru. Wanda ya taso a Kano ko Kumasi zai ga garin kamar an yi shara. Babu giya a harabar makaranta, 'yan shekarar farko galibi ba a barinsu da mota, kuma tsakanin aji da aiki lokaci kaɗan ke saura. Ana ba kowane ɗalibi kwamfutar tafi-da-gidanka. Akwai tarukan lacca da kiɗa da ake gayyato baƙi, waɗanda dole ne a halarci wani adadi kowane zango. Ana wasanni, amma ba a ba kowa gurbi don ya iya ƙwallo. Ɗalibai masu 'ya'ya suna da unguwarsu da wurin renon yara.

Sanyin Janairu yakan sauka ƙasa da sifiri, da ƙanƙara. Rigar sanyin hunturunmu ba za ta yi komai ba. Bazara kuma zafi ne mai gumi.

Ba ta da aibu ke nan?

Tana da shi. Ƙaramar makaranta ba ta da yawan fannonin babbar jami'a. Wanda ya ƙudurta zama injiniyan man fetur ko mai zanen gine-gine cikin shekara huɗu zai ga ba a yi tanadinsa ba. Likitanci da lauya a Amurka sai bayan digirin farko ake shiga, kuma Berea ba za ta biya wannan ba. Sunanta bai yi amon da zai sa a miƙe tsaye in an ambace shi a Abuja ko Yamai ba. Awa 10 na aiki a kan karatu mai nauyi yana gajiyar da mutum, kuma ba kowa ne ke kaiwa ƙarshe ba. A ƙaramin wuri kuma kowa ya san kowa, babu inda za ka ɓuya in kun saɓa da wani.

Akwai fitattun mutane da suka yi ta?

Carter G. Woodson, ɗan tsofaffin bayi wanda ya yi aikin haƙar kwal, ya gama a 1903, shekara guda kafin dokar da za ta hana irinsa shiga. Ya yi digirin digirgir a Harvard a 1912, kuma a 1926 ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata wanda ya zama watan da ake yi kowace Fabrairu a Amurka. John Fenn, ɗan ajin 1937, ya samu kyautar Nobel a ilimin sinadarai a 2002. Juanita Kreps, 'yar yankin kwal na Kentucky, ita ce mace ta farko da ta riƙe ma'aikatar kasuwancin Amurka, a gwamnatin Jimmy Carter.

In an ba ni gurbi, biza ta tabbata? Kuma ina bukatar wakili?

Gurbi daban, biza daban. Makaranta za ta aiko da takardar I-20, da ita ake neman bizar ɗalibi ta F-1, amma ofishin jakadanci ke da ta cewa. Dokokin ma canzawa suke yi: a 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita ba da biza ga 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan, daga baya matakin ya shafi Nijar da Najeriya. Kafin a kashe kuɗin jarrabawa, a bincika halin da ake ciki a lokacin.

Wakili kuwa ba a bukatarsa. Ana nema ne kai tsaye ta shafin intanet na makarantar, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi yana da hanya a ciki, damfara ce. Mai son shawara ya je cibiyar EducationUSA, wadda ke ƙarƙashin gwamnatin Amurka. A Najeriya akwai ta a Abuja da Legas.